Fotal ya ƙi buɗewa, wa zan samu? Tambayoyi da amsoshi ga ɗaliban manyan makarantun Kaduna

Na yi shekaru ina zaune a bayan tagar sashen kwamfuta na wata babbar makaranta a nan Kaduna. A tsawon wannan lokaci fuskoki sun yi ta canzawa, amma tambayoyin da ake zuwa da su kusan ba su canza ba. Shi ya sa na tattaro su wuri guda. Kowace makaranta da nata tsarin, don haka idan sanarwar makarantarku ta saɓa wa abin da na faɗa, ita za ka bi. Na yi amfani da "ka" don sauƙin rubutu, amma da ku nake, 'yan'uwa mata, domin ku kuka fi cika layinmu kuma ku kuka fi haƙuri a cikinsa.

Wane ofis ya kamata in fara zuwa?

Rabin wahalar ɗalibi a nan take. Mutum zai tsaya a layinmu tun safe, sai ya iso taga a ce masa matsalarsa ba tamu ba ce. Sashenmu na kwamfuta, wato ICT, yana kula da fotal (shafin intanet na makaranta inda ɗalibi ke rijista da biyan kuɗi), da kalmar sirri, da imel na makaranta, da Wi-Fi, da ɗakunan jarrabawar kwamfuta. Maganar kuɗi ta ofishin basa ce, wato ma'ajin makaranta. Gyaran suna, ranar haihuwa ko jihar asali na ofishin rajistara ne. Kwas ɗin da bai fito a jerinka ba, ko makin da ya ɓata, daga sashenku zai taso, wajen malamin da ke kula da ajinku ko jami'in jarrabawa. Mu ba ma ƙirƙirar maki, abin da aka turo mana shi muke ɗorawa.

Ka kuma san harabar da kake. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, tana da harabar cikin gari a kan titin Tafawa Balewa, tana kuma da ta Kafanchan. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wato Kadpoly, a warwatse take tsakanin Tudun Wada, Unguwar Rimi da Barnawa. A Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru da Kongo, cibiyarta ta kwamfuta kuma tana ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya taɓa shugabantar jami'ar. Kafin ka kashe kuɗin keke Napep daga wannan haraba zuwa waccan, ka tambayi sakataren sashenku ko akwai wakilin ICT a inda kake.

Da me zan zo?

Katin shaidar ɗalibi ko takardar shiga makaranta, lambar rijistarka, lambar JAMB, risit idan maganar biyan kuɗi ce, sai hoton allon wayarka da ke nuna saƙon da fotal ya ba ka. Wannan na ƙarshen ya fi kowanne muhimmanci. "Malam, abin ba ya yi" ba bayani ba ne. Kalmar sirri ce ya ƙi karɓa? Cewa ya yi ba a san lambarka ba? Ko fari fat shafin ya tsaya? Kowanne da maganinsa daban. Wanda ya zo da hoto sau da yawa a tsaye muke sallamarsa.

Banki ya cire kuɗina, amma fotal yana cewa ban biya ba.

Kada ka sake biya. Na maimaita, kada ka sake biya. Dawo da kuɗin da aka biya sau biyu ya fi gyara na farkon wahala nesa ba kusa ba, domin sai an yi rubuce-rubuce an bi ofis-ofis.

Ga yadda abin yake aiki. Makarantu da yawa suna karɓar kuɗi ta Remita, wata hanyar biyan kuɗi ta intanet. Fotal zai fitar maka da lamba mai alƙaluma 12 da ake kira RRR, ita ce ke ɗaure kuɗinka da sunanka. Idan ka biya, banki ya sanar da Remita, Remita ta sanar da fotal. Wani lokaci saƙon yana maƙalewa a hanya, musamman ranar da kowa ke biya. Kuɗin ya shiga, fotal ne bai ji labari ba. Ka shiga shafin Remita ka duba matsayin lambar taka. Idan ta nuna an biya, ka fitar da risit, ka koma fotal ka nemi maɓallin sake tantance biya, yawancin fotal suna da shi. Idan bai yi ba bayan kwana ɗaya na aiki, ka kai risit ɗin ofishin basa. Idan kuwa Remita ta nuna ba a biya ba alhali an cire kuɗin, maganar tana wajen bankinka, ko wajen mai POS ɗin da ka ba kuɗi.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne ɗalibi ya fitar da RRR sau uku saboda shafin ya yi nauyi, ya biya ta farko, fotal kuma yana jiran ta ƙarshe. Ka rubuta lambar da ka biya a cikin littafinka da biro. Takardar POS kuwa rubutunta yana gogewa cikin 'yan makonni a zafin garin nan, ka ɗauke ta hoto tun a gaban mai shagon.

Na manta kalmar sirrina. Za ku iya gaya mini ita?

A'a. A fotal ɗin da aka gina yadda ya kamata, mu kanmu ba ma ganinta, a murɗe take a ajiye. Abin da za mu iya shi ne mu sake maka sabuwa, ko fotal ya aika maka hanyar sakewa ta imel ko lambar wayar da aka yi rijista da su. To a nan gizo ke saƙar.

Wata rana wata ɗaliba 'yar aji uku ta zo da mahaifinta daga Rigasa, dattijo da babbar riga, yana riƙe da takardunta a cikin leda. Ta ce ta danna "na manta" ya fi sau goma, saƙo bai zo ba. Na buɗe bayananta na karanto mata imel ɗin da ke ciki. Ta ce, "Malam, wallahi ban taɓa jin sa ba." Lambar wayar ma ba tata ba ce. Ashe tun lokacin neman gurbin karatu mai kafe, wato shagon intanet, ne ya cike mata komai, ya sa nasa imel da tasa lambar don ya yi sauri, kuma ya daɗe da tashi daga shagon. Shekara uku duk wani saƙon makaranta wajen baƙo yake zuwa. Dattijon ya dube ni ya ce, "Yaro, yanzu karatun nata ya lalace ke nan?" Na ce, "A'a Baba, da sauƙi, sai dai za ta rubuta takarda ta hannun shugaban sashensu a tabbatar ita ce." Mako guda ta yi tana zirga-zirga kan abin da minti biyar ya isa ta kauce masa tun farko.

Ba ina zagin masu kafe ba ne, da yawansu sun fitar da ɗalibai kunya ranar da waya ta gaza. Amma idan za ka shiga kafe, ka je da imel ɗinka da ka buɗe da hannunka, da layin da aka yi wa rijista da NIN ɗinka. Ka zauna kusa da mai cikewa kana karanta abin da yake bugawa. Kalmar sirri kai za ka karɓi allon rubutu ka buga ta, idan kwamfutar ta tambaya ko ta ajiye ka ce a'a, kuma kada ka tashi sai ka ga an fita daga shafinka. Da ka koma gida ka canza ta. Lambar wayarka ko shekarar haihuwarka ba kalmar sirri ba ce, su ake fara gwadawa. Haɗa kalmomi uku ko huɗu na Hausa da ba su da alaƙa da juna, ka sa lamba a tsakani, ya fi sauƙin tunawa kuma ya fi wuyar zato.

Layin kuma ka riƙa amfani da shi. Kamfanonin waya suna karɓe layin da ya daɗe a ajiye su sayar wa wani.

An rubuta sunana ba daidai ba. Abin damuwa ne?

Ƙwarai kuwa, ko da harafi ɗaya ne. Mu Hausawa wannan ta fi ci: Muhammad a NIN, Mohammed a JAMB, Muhammed a takardar WAEC. A'isha a nan, Aishatu a can. Ga mai sunan gari a ƙarshe a wata takarda, babu a wata. Mutum ya san duk kai ne, kwamfuta ba ta sani ba. Ba za ka ji zafin abin a aji ɗaya ba, sai ranar da za a tura sunaye hidimar ƙasa, ko ka nemi bashin karatu, ko a buga takardar shaidar kammalawa.

Ka jera takardunka a kan tabarma yau ɗin nan ka kwatanta su. Idan fotal ne kaɗai ya yi kuskure, rajistara za ta ba da umarni mu gyara. Idan daga JAMB ne, can za ka je, makaranta ba ta da ikon taɓa bayanansu. Na NIN kuma hukumar NIMC. Ka kuma duba ko sunanka yana cikin jerin ɗaliban da JAMB ta amince an ɗauka a makarantarka, domin da wannan jerin hukumar hidimar ƙasa ta NYSC take aiki.

Gobe ake rufe rijistar kwasa-kwasai, shafin sai juyawa yake.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Dubban ɗalibai ne ke turmutsutsu a ƙofa ɗaya, kwamfutar da ke ɗauke da fotal kuma akwai iyakar mutanen da za ta saurara a lokaci guda. Danna maɓalli sau ashirin ƙara mata nauyi yake. Ka gwada bayan sallar asuba ko can cikin dare. Ka canza manhajar shiga intanet, daga Opera Mini zuwa Chrome ko Firefox, domin Opera Mini tana matse shafuka har wasu maɓallan su daina aiki. Ka share tarkacen da manhajar ta tara, ko ka buɗe shafin sirri, wato incognito. Idan sabis ɗin MTN ya yi nauyi a unguwarku, ari na Airtel ko Glo wajen maƙwabci. Idan duk ya ƙi, ka ɗauki hoton allon da agogon waya a jiki, shi ne hujjarka cewa ka gwada kafin a rufe.

Da ka gama, ka sauke fom ɗin rijistar ka buga shi a takarda, ka kai a sa hannu.

Ina Wi-Fi ɗin da aka ce akwai?

Inda yake, ya fi ƙarfi a ɗakin karatu da kewayen ginin ICT, kuma yawanci sai an ba ka suna da kalmar shiga. Bututu ɗaya ne kowa ke sha, idan mutum hamsin suna sauke fim mai neman maƙala zai yi ta jira. Ka yi hattara da Wi-Fi marar makulli da ke ɗauke da sunan makaranta, kowa na iya buɗe irinsa da wayarsa. Kada ka shiga manhajar banki a kansa.

Ka leƙa sashen intanet na ɗakin karatu ka tambayi ma'aikatansa waɗanne mujallun ilimi makaranta ta biya wa kuɗi. Ɗalibai da yawa suna gamawa ba su san akwai su ba, suna ta sayen maƙalu a hannun masu kafe.

Dole sai na mallaki laftof? Wace iri zan saya?

A shekarar farko da ta biyu waya mai kyau tana ɗaukar yawancin kwasa-kwasai, in ban da masu karatun kwamfuta, injiniya, zanen gine-gine da makamantansu. Lokacin furojet kuwa za ka buƙace ta.

Yawancinmu ta hannu muke saya, ba laifi. Ka nemi mai RAM 8GB, da ma'ajiyar SSD maimakon tsohon faifai mai juyawa. SSD ita ce ke bambanta kwamfutar da ke tashi cikin daƙiƙu da wadda za ka dafa shayi kafin ta buɗe. Ka tambaya ko tana ɗaukar Windows 11, domin Microsoft ta daina tallafin yau da kullum ga Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. A shagon, ka sa a cire caja ka zauna rabin sa'a kana kallon yadda batir ke sauka. Ka danna kowane harafi, ka gwada kowace kafar USB da kyamara. Ka karɓi risit mai ɗauke da lambar jikin na'urar, saboda kwamfutar sata tana yawo, kuma ranar da aka zo nema mai riƙe da ita ake kamawa. Araha ba ta ado.

Ba sai ka sa manhajar sata ba. LibreOffice kyauta ce, Google Docs ma haka, kuma idan makarantarku tana cikin tsarin Microsoft na makarantu, imel ɗinka na ɗalibi zai iya buɗe maka Word da Excel a intanet. Manhajojin da ake fasawa a zuba maka a kasuwa su ne babbar ƙofar ƙwayar cutar kwamfuta.

Za ku gyara mini kwamfutata?

A ƙa'ida ma'aikatan ICT kayan makaranta suke gyarawa. Za mu iya duba maka mu ce ga abin da muke zato, amma canza allo ko batir sai masu gyara na cikin gari, irin na wajen Ahmadu Bello Way da kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Kafin ka miƙa ta, ka kwashe takardunka da hotunanka, ka fita daga imel da WhatsApp. Wannan gargaɗi ya fi shafar mata. Idan mai gyara ya ce "sai an yi fomatin", ka sani komai zai goge, ka tambaye shi ko ya kwafe maka kayanka tukuna.

Abu biyu ke kashe kwamfuta a Kaduna: wuta da ƙura. Lokacin da aka dawo da wuta, ko aka juya daga janareta, ƙarfinta kan yi tsalle ya ƙone caja, wani lokaci har cikin na'urar. Ka zare caja idan an ɗauke, ka dakata kaɗan bayan an kawo. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fankar ciki, sai ka ji kwamfuta tana huci tana kashe kanta. Ɗora ta kan katifa ko filo yana ƙara toshe mata numfashi. Ka sa ta kan tebur ko faranti, ka rufe ta idan ka gama.

Furojet ɗina ya ɓace daga filasha!

Wannan ita ce tambayar da ake yi mini da hawaye. Da farko, kada ka yi fomatin, kada ka ƙara zuba komai a filashar. Idan ka kai ta wajen masu buga takardu ta dawo da fayiloli masu ɗan kibiya a gefe, wata sananniyar ƙwayar cuta ce da ke ɓoye aikinka ta ajiye na bogi a madadinsa. Kada ka danna su. Aikin yana nan, mai ilimin abin zai fito maka da shi cikin mintuna. Idan kuwa filashar ce ta mutu ko ta faɗi a cikin bas ɗin Kawo, sai dai haƙuri.

Wani ɗan ajin ƙarshe ya taɓa zama a kan bencinmu tun azahar har la'asar bai ce uffan ba. Babi huɗu, aikin wata bakwai, a laftof ɗin da aka zare ta tagar ɗakinsu yana masallaci. Abin da ya cece shi babi uku da ya taɓa tura wa malaminsa ta imel. Na huɗun daga takardun da ya yi zane-zane a kai ya sake haɗa shi.

Kowane asusun Gmail yana zuwa da 15GB kyauta a Google Drive, furojet ɗinka ko kusa da cika shi ba zai yi ba. Duk daren da ka yi rubutu, ka ɗora shi can ko ka tura wa kanka ta imel, ka sa kwanan wata a sunan fayil ɗin. Idan za ka je bugawa, ka mayar da shi PDF ka tura wa mai shagon, filasharka ta zauna a aljihu. PDF kuma ba ya wargaza maka shafuka da teburan lissafi a kwamfutar wani.

Yaya zan buga ɓ, ɗ da ƙ?

A waya, ka ƙara Hausa cikin harsunan Gboard, allon rubutun waya na Google. A kwamfuta, Windows yana da allon rubutu na Hausa a cikin saitin harsuna, akwai kuma manhajar Keyman kyauta. 'Yan sashen Hausa, ku zaɓi salon rubutun da ke ɗauke da waɗannan haruffa, ku duba PDF ɗin kafin a buga, kada ƙugiyoyin su koma akwatuna.

An turo saƙo a gurup ɗin ajinmu cewa a danna a cike fom ɗin tallafi. Gaskiya ne?

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Bashin karatu na NELFUND, hukumar gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai rance, gaskiya ne, an buɗe shafinsa a watan Mayun 2024, ba ruwa a kansa, kuma neman sa kyauta ne. A shafin hukumar kaɗai ake cikewa, da lambar JAMB, NIN da BVN. Idan ya ce bai ga bayananka ba, mai yiwuwa makaranta ba ta ɗora su ba tukuna ko sunayenka sun saɓa, sai ka zo a duba. Duk wanda ya ce ka biya shi ya saka ka a jeri, ɓarawo ne.

Wata dabarar da ta yi yawa: a kira ka a ce daga gurup ɗin aji ne, za a yi taro ta intanet, an turo maka lamba mai alƙaluma shida ka karanto. Wannan lambar mabuɗin WhatsApp ɗinka ce. Da ka faɗa an kwace shi, sai a fara roƙon kuɗi wajen 'yan'uwanka da sunanka. Ka shiga saiti yanzu ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Babu ma'aikacin makaranta ko na banki da zai nemi kalmar sirrinka, ko lambar katinka, ko lambar da aka turo maka ta tes.

Haka wanda zai raɗa maka cewa yana da mutum a ICT da ke canza maki. Sakamako yana hannun malamin kwas, da sashe, da tsangaya, da majalisar malaman jami'a. Ko an taɓa na fotal, ranar tantance masu kammalawa asiri zai tonu, kuma kai za a kora.

Kwamfuta ta mutu ina tsakiyar jarrabawa. In yi yaya?

Ka ɗaga hannu, kada ka taɓa komai, kada ka koma wata kujera da kanka. Yawancin manhajojin jarrabawa suna ajiye amsoshi a babbar kwamfutar ɗakin, idan aka sake shigar da kai za ka ci gaba daga inda ka tsaya. Ka tabbatar mai sa ido ya rubuta lambarka da abin da ya faru a takardar rahoto kafin ka fita. Idan ba ka saba da linzamin kwamfuta ba, ba abin kunya ba ne, ka je ɗakin kwamfuta mako guda kafin jarrabawa hannunka ya saba.

Na zo sau uku, kullum "ka dawo gobe". Sai yaya?

Wani lokaci laifinmu ne, ba zan ɓoye ba. Ma'aikata kaɗan ne, kuma abin da aka faɗa da baki a taga yana bin iska. Ka mayar da shi rubutu. Takarda guda zuwa ga daraktan ICT ta hannun shugaban sashenku: sunanka, lambarka, matsalar a layi biyu ko uku, ranar da ta fara, da hotunan da ka ɗauka. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Idan ka zo bibiya ka nuna shi, ka tambayi sunan ofishin da takardar ta kwana. In mako biyu ya wuce shiru, ka ɗauki kwafin nan mai hatimi zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai. Ka kuma riƙa zuwa da safe tsakanin Talata da Alhamis, domin Litinin layin yana kaiwa bakin matakala, ranar Juma'a kuma da an doshi ƙarfe ɗaya kowa ya nufi masallaci.